Fim Ya Fito, Amma Wa Ya Kawo Shi Gezawa?

Yau ba sharhin sabon fim na zo da shi ba. Maganar kasuwa ce, wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma a wani ɗan shagon caji da ke garinmu Gezawa ta fara damuna.

Duk ranar Asabar da safe, in ka biyo ta bakin titin da ya taso daga Kano ya nufi Gumel, za ka tarar da matasa sun yi cincirindo a ƙofar shagon wani abokina. Wasu sun zo karɓar wayar da suka bari a caji, amma mafi yawansu abu ɗaya ya kawo su: a tura musu Labarina na daren Juma'a. Yara na zuwa da memori ƙulle a leda, iyayensu mata sun aiko su daga cikin gida. Wani zai taho daga ƙauye a kan babur da wayoyi uku, tasa da ta matarsa da ta ƙanwarsa. Abokin nawa yana zaune gaban kwamfuta, ya ware komai wuri-wuri: na wannan mako, Indiya-Hausa, sababbin waƙoƙi, wa'azi. Ba ya wuce minti biyu a kan mutum ɗaya. Ya san mai son na soyayya, ya san mai son na barkwanci, ya san gidan da ba a kai musu fim mai rawa. In ka ce ba ka san abin da za ka ɗauka ba, shi zai zaɓa maka, kuma da wuya ka dawo da ƙorafi.

Rannan ina zaune a kan bencinsa sai na ce masa, "Wai mutumina, a cikin kuɗin nan da kake karɓa, nawa ke komawa wurin wanda ya yi fim ɗin?" Ya kalle ni ya yi dariya, ya ce, "Haba, wa ya taɓa zuwa ya ce in ba shi?"

Amsar nan ta tsaya mini a rai. Kullum muna jin ana cewa Kannywood ta shiga wani hali, babu kuɗi, furodusoshi suna karyewa. Wasu su ce laifin 'yan turi ne, wasu su ce hukuma ce, wasu su ce labaran ne ba su da ma'ana. Ni dai abin da na gani daga kan bencin nan shi ne masu kallo suna nan jingim, kuma suna biya. Kuɗin ne ba shi da hanyar da zai bi ya koma gida. A duk tsawon tafiyar da fim ke yi daga lokeshan zuwa wayar wata matar aure a Jogana ko Tsamiya Babba, mutum ɗaya na ga yana aiki da tsari, shi ne mai turi. Ya san ranar da kaya ke zuwa, ya san masu saye, ya san farashinsa, kuma kullum shagonsa a buɗe yake.

Talla daban, tsari daban

Kada wani ya ce ai 'yan fim suna talla. Wallahi suna yi, har ya yi yawa. Buɗe Instagram ko TikTok ka gani: fasta a kan fasta, jarumi ya ɗora, abokinsa ya ɗora, kowa yana rubuta "yana nan tafe". Amma tambayi wanda ya ɗora fastar: yaushe zai fito? A wace tasha? Kashi nawa aka gama ɗauka? Wa zai amsa waya in mai kamfanin sabulu yana son sa tallansa a ciki? Nan za ka ji shiru.

Talla shi ne ka ɗaga murya a ji ka. Tsari kuwa shi ne abin da ke bayan muryar: ranar fitowa da ba ta canzawa, kayan da aka tanada kafin a fara shela, mutumin da aka ɗora wa kowane aiki, hanyar da kaya za su bi su isa ga mai saye, hanyar da kuɗi zai bi ya dawo, da littafin da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Mai tallan da ba shi da waɗannan kamar mai shelar biki ne da ya zaga gari da kalangu alhali ba a ɗora tukunya ba. Jama'a za su taru, su ga babu komai, su watse, gobe in ya sake kira ba mai fitowa.

Zamanin Bata da Ƙofar Wambai

Ƙannenmu da suka taso da waya a hannu ba su san cewa masana'antar nan ta taɓa samun tsarin kasuwa ba. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, aka fara gane cewa fim ɗin Hausa a kaset haja ce. Zuwa 1999, shekarar da Sunusi Shehu ya raɗa wa masana'antar suna Kannywood a mujallar Tauraruwa, kuma shekarar da mujallar Fim ta fara fitowa, kasuwar ta riga ta kafu a Bata, daga baya ta bunƙasa a Ƙofar Wambai.

Ga yadda abin yake tafiya. Furodusa zai gama fim, ya buga kwalayen kaset masu hoton jarumai, ya kai wa 'yan kasuwa. Su za su sayi kwalin, su kwafi fim ɗin a kaset, su zuba a ciki. Daga nan dillalai na garuruwa su zo su sara: na Zariya, na Katsina, na Sakkwato, na Maraɗi da Damagaram, har da masu kai wa Hausawan Kumasi da Accra. Ƙaramin ɗan kasuwa daga irin garinmu zai shiga mota ya je birni ya saro goma ko ashirin, ya dawo ya jera a teburinsa, wasu ya sayar, wasu ya ba da haya. Tallan fim mai zuwa kuma yana nan a farkon kaset ɗin da ka saya, dole ka gan shi kafin fim ya fara. Waƙar fim tana riga fim ɗin fitowa, ta shiga rediyo, ta shiga gidan biki. Lokacin Sangaya da Wasila, kafin kaset ya iso Gezawa yara sun haddace waƙar.

Ba ina cewa zamanin aljanna ne ba. Furodusoshin wancan lokaci sun sha kuka da 'yan kasuwa: ɗan kasuwa ne ke yanka farashi, a karɓi kaya bashi a daɗe ba a biya ba, kuma in ba a sa jarumin da yake so ba ya ce fim ba zai shiga ba. Amma duk da haka akwai sarƙa. Kowane kwali da aka sayar a teburin Gezawa yana da alaƙa da aljihun wanda ya yi fim. Furodusa yana iya cewa na buga kwali kaza, an sayi kaza, saura kaza. Wannan lissafin ne ya ba shi damar yin fim na biyu da na uku.

Da kaset ya mutu, sarƙa ta tsinke

Sai faifan CD ya zo, kwafi ya yi sauƙi, masu satar fasaha suka samu abin yi. Bayansa memori da wayar hannu suka shigo, finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka cika gari. Mutum ya daina bukatar kwali. Shagunan Ƙofar Wambai da dama suka koma sayar da wasu kayan. Abin lura a nan shi ne masu kallo ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi, domin da sai gidan da ke da talabijin da bidiyo, yanzu kuwa kowace ƙaramar waya sinima ce. Abin da ya mutu shi ne hanyar dawowar kuɗi.

An gwada sinima. Da aka buɗe Filmhouse a Ado Bayero Mall manyan furodusoshi sun riƙa kai finafinansu can, musamman da Sallah. To amma sinima ɗaya a tsakiyar birni, mutumin Gezawa zai biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya biya tikiti, ya dawo da dare? Matar aure kuwa ba ma a maganarta. An gwada manhajar kallo da biya irin Northflix. Ita ma tana bukatar waya mai kyau, data mai yawa, da hanyar biya ta intanet. Daga ƙarshe, musamman daga 2020 da kullen korona ya zaunar da kowa a gida, aka raja'a kan finafinai masu dogon zango a YouTube. Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Malam Aminu Saira duk a shekarar suka fara, kuma suka nuna wa saura hanya.

Lissafin YouTube bai san da mu ba

Mu duba yadda YouTube ke biya, don da yawa cikinmu muna zaton duk wanda ya buɗe tasha ya zama attajiri. Kafin a fara raba maka kuɗin tallan da ke fitowa a bidiyonka, sai tasharka ta tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In ka cika, kamfanin yana ba ka kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan, ya riƙe 45. Kuma ba farashi ɗaya ba ne a ko'ina. Tallan da aka nuna wa mai kallo a Amurka ko Ingila ko Saudiyya ya fi wanda aka nuna wa mai kallo a Najeriya tsada. Shi ya sa Bahaushe ɗaya da ke kallo daga Jidda zai iya fin mutane da yawa a nan gida kawo wa furodusa kuɗi.

Yanzu dawo shagon abokina. Shi zai sauke fim sau ɗaya. A misali, ya tura wa mutum 100, kowannensu kuma ya kalla da mutanen gidansa, wani ya tura wa maƙwabci ta Xender. A idon YouTube duk wannan taron kallo ɗaya ne, in ma an ƙirga. Furodusa bai samu kuɗinsu ba, kuma abin da ya fi ciwo, bai ma san da su ba. In ya je wurin mai kamfani neman talla, adadin da ke ƙasan bidiyonsa kawai zai nuna, alhali ainihin masu kallonsa sun ninka haka.

Kuma kada a zargi mutanen karkara da son banza. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 komai ya tashi. A watan Janairu 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin 100. Manomin da ke lissafin taki da kuɗin makarantar yara ba zai ƙona data a kan fim mai tsawon awa guda duk mako ba, ga shi sabis ɗin ma a wasu ƙauyukan sai ka hau tudu. Wurin mai turi ya fi masa araha, ya fi masa sauƙi. Duk ƙarin kuɗin data, ƙarin kasuwa ne ga mai turi.

Haka abin yake a waƙa. Ku tuna yadda Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye ko'ina a 2020, mata suna ɗaukar bidiyo suna rawa a gidajensu. A garinmu ba wayar da ba ta ciki, amma kusan duk wanda na sani daga wayar wani ya karɓa. Waƙa tana iya tashi da kanta kamar wutar daji. Mayar da tashin nan kuɗi, ta Audiomack da Boomplay da YouTube da wasan Sallah da gayyatar biki, shi ne yake bukatar mutum zaune da littafi.

Waɗanda suka riƙe tsari

In ka duba waɗanda suka yi nisa, za ka ga ba kyan labari kaɗai ya kai su ba. Me ya sa jama'a ke taruwa a shagon abokina ranar Asabar da safe ba tare da an yi musu shela ba? Saboda sun san Juma'a ranar Labarina ce. Ranar ta zama alƙawari. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da wannan ta kama gidaje: Daɗin Kowa da Kwana Casa'in kowanne da ranarsa da lokacinsa, zango ya ƙare a sanar, sabo zai fara a sanar. Mai kamfanin da zai ba da talla yana son irin wannan, domin ya san ranar da tallansa zai fita da irin mutanen da za su gani.

Leƙa Kudu. Funke Akindele ta mayar da watan Disamba nata: Omo Ghetto: The Saga a Disamba 2020, Battle on Buka Street a Disamba 2022, A Tribe Called Judah a Disamba 2023, Everybody Loves Jenifa a Disamba 2024. A Tribe Called Judah ne fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinimomi, a watan Janairu 2024. Mutane suna ganin rawar da take yi da jarumanta a bidiyon talla suna dariya, amma bayan rawar akwai kamfanin rarrabawa na FilmOne, akwai ranar da aka tsayar tun da wuri, akwai zagayen sinimomi ana gaisawa da masu kallo, akwai alƙaluman da ake fitarwa duk mako.

Mu da muke son Indiya kuma mun san Salman Khan da ƙaramar Sallah: Dabangg a 2010, Bodyguard a 2011, Ek Tha Tiger a 2012, Bajrangi Bhaijaan a 2015, Sultan a 2016. Ba dace ba ne. An duba lokacin da mutane ke da hutu da kuɗi a hannu, aka kama shi tun kafin a fara ɗaukar fim.

Abin da ya samu wani ɗan'uwana

Ba zan kama suna ba. Wani ɗan'uwana, yaro mai basira, ya sayar da filin da ya gada ya shiga fim mai dogon zango. Labarin yana da kyau, na karanta da idona. Ya ɗauko jarumai biyu sanannu, ya yi hayar kyamara mai kyau, ya kama gida a birni. Kuɗin gaba ɗaya a lokeshan suka ƙare. Da na tambaye shi nawa ya ware na kai fim ɗin ga jama'a, sai ya ce, "Yaya, ai abu in ya yi kyau shi ke sayar da kansa."

Ya saki kashi na farko ba tare da ya gama haɗa na huɗu ba. Na ɗaya da na biyu suka fita a kan lokaci, mutane suka fara magana, har abokina mai turi ya ce ana tambayarsa. Na uku ya makara da kwana huɗu. Na huɗu ya yi mako uku bai fito ba, saboda mai haɗa hoto ya riƙe aiki sai an cika masa kuɗinsa. Da ya fito kuma sai ya saka shi daren da wani babban shiri ke fita. Wani mai shagon kayan ɗaki ya nemi sa talla, ya kira lambar da ke jikin fasta ya fi a ƙirga ba a ɗauka ba, ashe wayar tana hannun wani yaro da ya tafi ƙauye. Kafin kashi na shida jama'a sun koma wani shirin. Fim ya tsaya, fili ya tafi.

Ba a sace masa fim ba, ba a yi masa asiri ba, hukuma ba ta taɓa shi ba. Abubuwa ƙanana ne guda huɗu ko biyar da ba a ɗora wa kowa ba suka kayar da shi. Kuma na tabbata masu karanta wannan da dama sun san irinsa.

Ko manya ma ba su tsira daga irin wannan ba. A watan Mayu 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta sanar da dakatar da shirye-shirye 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa, bisa cewa ana sakinsu ba tare da an kawo an tace ba. Ba na shiga batun wa ke da gaskiya, an yi ta muhawara a kai. Darasin da na ɗauka shi ne hukumar nan tana nan tun 2001, saboda haka kwanakin da tacewa za ta ci dole su shiga jadawalin duk mai sakin shiri mako-mako. Wanda ke ɗaukar fim ranar Talata ya saki ranar Juma'a ba shi da wannan sararin.

Darasin gyaɗa da taliya

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu Kanawa ba baƙin tsarin kasuwa ba ne. Kakanninmu a wannan yanki gyaɗa suka noma. Bayan jirgin ƙasa ya fara aiki a Kano a 1912, Alhassan Ɗantata bai zauna a birni yana jiran manomi ya kawo masa ba. Ya baza wakilai ƙauye-ƙauye, ana ba su jari, suna saye, ana aunawa, ana rubutawa, ana tarawa. Dalar gyaɗar da muke alfahari da hotonta buhu-buhu aka tara ta daga irin gonakinmu, ta hannun mutanen da kowanne ya san aikinsa da ladansa.

Yau ma duba teburin mai shayi a Gezawa. Taliyar Indomie ba ta taɓa yankewa, domin akwai motar da ke zuwa, akwai babban dila, akwai ƙaramin dila, kowa da ribarsa. Duba masu POS: cikin 'yan shekaru Moniepoint da OPay sun shiga lungunan da banki bai taɓa takawa ba, ta hanyar mayar da mai shago wakilinsu. Ba su ce masa ɓarawo ba, ba su kai shi kotu ba. Sun ba shi na'ura, suka ba shi kaso. Fim ɗin Hausa, wanda mutanen nan suka fi so fiye da taliya, shi kaɗai ne hajar da ke shigowa garin nan ba mai ita.

To me ya kamata a yi?

Na farko, a jawo mai turi cikin sarƙa. Na san akwai dokar haƙƙin mallaka, sabuwa ma aka sa wa hannu a 2023, kuma tura aikin wani ba izini laifi ne. Amma ba za a iya kama kowane shagon caji daga nan har Maraɗi ba. Abin da zai yiwu shi ne a yi musu rajista gari-gari, a ba su fim mai kyan hoto da wuri, a kan kuɗi kaɗan na mako. Mu ɗauka a misali shaguna 500 ne suka shiga, kowanne yana biyan naira 1,000 a mako: naira 500,000 ke nan duk mako daga inda a yau ba a samun ko sisi. Shi kuma mai shago ya huta da sayen data, ya samu kaya kafin abokin gasarsa, ya samu takardar da zai manna a bango. Na tambayi abokina ko zai shiga, ya ce in dai zai riƙa samu kafin na gefensa, gobe ma.

Na biyu, a riƙa ƙirga. Ko shagon bai biya komai ba, in zai faɗi mutum nawa suka karɓi shiri kaza a mako, wannan adadin kuɗi ne. Da shi furodusa zai je wurin mai taki, mai sabulu, mai maganin sauro, ya ce ga yawan gidajen karkara da tallanka zai shiga. Tallan da aka saka a cikin fim ɗin kansa yana bin sa duk inda aka tura shi, ba ruwansa da data.

Na uku, kada a fara saki sai an tara. Wanda zai yi zango mai kashi 13, ya gama aƙalla rabi, an haɗa, an tace, kafin ya sa ranar farawa. In ya sa rana kuma ya riƙe ta kamar azumi.

Na huɗu, a ware kuɗin kasuwa tun a kasafin farko, a kuma ɗora wa mutum guda wanda ba darakta ba, ba jarumi ba. Aikinsa jadawali, fasta, guntayen bidiyo, amsa waya, bin masu talla, da rubuta lissafi. Muna da matasa da suka karanta harkar kasuwanci a Jami'ar Bayero da sauran makarantu suna zaune ba aiki.

Na biyar, manya su zauna su raba kwanaki. Mako kwana bakwai ne, ba dalilin da zai sa shirye-shirye biyar su yi karo a dare ɗaya, sauran darare kuma fayau. Wannan aikin ƙungiya ne irin MOPPAN. Kuma tun da Ali Nuhu ya zama shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya a Janairu 2024, akwai ɗan gida a inda ake jin magana. In za a nemi wani abu a wurin gwamnati, ni a ganina tsarin rarrabawa ya fi kyamara gaggawa.

Namu kason

Mu ma masu kallo akwai namu. In kana da data, kalli shirin a tashar mai shi, ba a tashar wanda ya kwafa ya sake ɗorawa ba. In waƙa ta burge ka, saurare ta a shafin mawaƙin ko sau ɗaya ne kafin ka karɓa ta Xender. In a wurin mai turi kake karɓa, ba na ganin laifinka, amma ranar da aka ce an ƙara wani abu kaɗan don a kai wa masu fim, kada ka zama na farkon mai tsaki.

Jiya ma na bi ta shagon. Wata yarinya ta miƙa memori ta ce mamanta ta ce a sa mata ci gaban wani shiri. Abokina ya duba ya ce, "Je ki ce mata ba su saki ba, mako biyu ke nan." Yarinyar ta ce to a sa mata wani. Ya sa mata na Indiya.

Ku da ke Minjibir, Gabasawa, Ringim da sauran garuruwa, yaya abin yake a wajenku? In akwai mai shagon turi a cikinku, ina son jin ta bakinsa: za ka biya na mako in an kawo maka da wuri? Sai na ji daga gare ku.